BAYAN AN SAKI TANTABARU: WA YAKE JINYAR SOJAN DA YA DAWO GIDA?

Rubutun yau yana da tsawo, mai sauri ya adana shi sai dare.

Makon jiya, ranar 15 ga Janairu, aka yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Kamar kowace shekara, an yi fareti a Abuja da manyan biranen jihohi, manya sun ajiye furanni, an harba bindiga sama, an saki fararen tantabaru. Mu ma a ofis tun kafin ƙarshen shekara aka zagayo da ɗan bajon nan da ake maƙalawa a ƙirji, kowa ya saya. Ban raina ko ɗaya daga ciki ba. Wanda ya ba da ransa don mu kwana lafiya ya cancanci abin da ya fi haka.

To a daren ranar ina zaune ina kallon tantabarun a labaran talabijin sai wayata ta yi ƙara. Matar ƙanena ce. Mijinta soja ne, wata huɗu ke nan da dawowarsa daga Arewa maso Gabas bayan ya shafe sama da shekara uku a can. Muka gaisa, ta tambayi yara, sai ta yi shiru. Na ce, "Amarya, lafiya dai ko?" Ta ce, "Yaya, lafiya ƙalau. Dama dai... ba ya barci ne." Na ce tun yaushe? Ta ce, "Tun da ya dawo. Sai ya tashi cikin dare ya yi ta duba ƙofa da taga. Shekaranjiya ƙaramin ya yar da murfin tukunya, wallahi Yaya tsawar da ya daka masa sai da yaron ya jiƙa wandonsa. Can kuma ya shiga ɗaki ya kulle, na jiyo shi yana kuka."

Kafin wani ya ce na tona asirin gida: shi da kansa ya yarda in rubuta wannan, sharaɗinsa kawai kada in ambaci suna ko bataliya.

"Ba ya barci." Na san wannan maganar. Na ji ta ina ɗan firamare, daga bakin Inna, tana gaya wa Gwaggo a gindin murhu da murya ƙasa-ƙasa don kada mu ji.

Baba, Allah ya jiƙansa, ya shiga soja a 1967 yana saurayi. Kafin yaƙin basasa sojan Najeriya gaba ɗaya bai wuce kamar dubu goma ba, zuwa ƙarshen yaƙin a 1970 ya kai wajen dubu ɗari biyu da hamsin. Ku auna da kanku irin gaggawar da aka yi wajen ɗibar mutane. Yaro ya bar gona ko tasha, a ba shi horon 'yan makonni, a miƙa masa bindiga. Baba ya faɗa Runduna ta Biyu, wadda Kanar Murtala Muhammed ya jagoranta. Ita ce ta yi ta ƙoƙarin tsallaka kogin Kwara daga Asaba zuwa Onitsha a watan Oktoban 1967, aka yi asarar rayuka masu yawa a ruwa. Ita ce kuma aka yi wa kwanton ɓauna a Abagana ranar 31 ga Maris 1968, inda wuta ta kama tankar mai a cikin ayarin motoci kusan ɗari, ta bi sauran ta cinye. Baba yana cikin waɗanda suka fita da rai a Abagana. Wannan kaɗai muka sani, kuma daga bakin wani abokinsa muka ji. Shi bai taɓa ba mu labari ba, ko sau ɗaya.

Abin da muka gani da idonmu shi ne wannan. Duk ranar Babbar Sallah, da zarar an fara babbaka kai da ƙafafun rago, Baba zai sa takalminsa ya fita, ba zai dawo ba sai bayan la'asar. Muna yara mun ɗauka ziyara yake zuwa. Sai da na girma na gane ƙaurin ne ba ya iya shaƙa. Ba ya zama a inda bayansa yake kallon ƙofa. Taya ta fashe a titi, sai ka ga goshinsa ya jiƙe da gumi. Mutum ne mai ibada, bai taɓa shan komai ba, kuma in yana cikin walwala babu wanda ya kai shi barkwanci. Amma wani lokacin abin da bai kai ya kawo ba sai ya zare bel. Har yau yayana yana da tabo a kafaɗa.

Inna ce ta kafa dokokin gidanmu. Ba a taɓa Baba in yana barci, daga bakin ƙofa za ka tsaya ka yi sallama har ya amsa. Ba a buga ƙofa da ƙarfi. In ta ga idonsa ya canza, sai ta ƙirƙiro aike ta watsa mu waje. In ya yi ihu cikin dare, sai ta leƙo ɗakinmu ta ce, "Ku kwanta, Babanku mafarki yake yi." Matar da ba ta yi boko ba, ta yi shekara arba'in tana aikin da a wasu ƙasashe sai an yi digiri ake yi, ba albashi, ba hutu, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce ga sunan abin da ke damun mijinki. Dangi kuwa kowa da fassararsa. Wasu su ce iska ce ya kwaso a dajin kudu, wasu su ce sammu ne, wasu su ce ai soja ne, haka suke. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi sadaka. Da daddare kuma mu taru mu kalli Samanja Mazan Fama muna ƙyalƙyala dariyar yadda yake daka tsawa. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne, ya san abin da yake kwaikwayo. Mu ma mun sani, a gida muke da shi.

Tun da Amarya ta kira nake tunanin cewa wannan abu ya girmi Baba. Ya girmi Najeriya ma.

Alaƙar Bahaushe da kaki tsohuwa ce. Sojan Najeriya yana ƙirga asalinsa ne daga 'yar rundunar da Bature Glover ya haɗa a Legas a 1863, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma shekaru da dama Hausa ce harshen bariki. A yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, an fara kai sojojinmu gabashin Afirka suka kara da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. Daga nan aka haɗa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka tsallaka da su teku zuwa Indiya, sannan Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar. Sun yi yaƙi da Japanawa a kwarin kogin Kaladan da yankin Arakan, wato yankin nan da Musulmin Rohingya suka fito, cikin dazuzzukan da mota ba ta shiga, da yawansu da kaya a ka. Mutanen Kaduna, kun san barikin Dalet da na Kalapanzin. Mutanen Zariya, kun san Chindit. A Legas akwai Arakan da Myohaung. Duk sunaye ne da aka kwaso daga yaƙin Bama. Muna wucewa ta gabansu kullum a mota ba mu san me suke nufi ba.

Da suka dawo an yi musu maraba, har Malam Sa'adu Zungur ya yi waƙarsa ta Maraba da Soja. Amma akwai waɗanda aka sauko da su daga jirgin ruwa ba su san inda kansu yake ba. A 1944, tun ba a gama yaƙin ba, Turawa suka karɓi wani gidan yari a Lantoro cikin Abeokuta suka mayar da shi wurin ajiye sojojin da suka dawo da taɓin hankali. Ku lura da kyau, gidan yari. Dama irin gidajen da aka buɗe tun farko, na Kalaba a 1904 da na Yaba a 1907, wuraren tsarewa ne don kada mutum ya dami jama'a. Wanda ciwonsa ya fito fili ke nan. Wanda nasa ya tsaya a rashin barci da zafin rai, sai aka ba shi takardar sallama da lambar yabo aka ce ya koma garinsu. Ya zama dogari, ko ɗan doka, ko masinja, ko maigadi. Kusan kowane tsohon gari a Arewa an yi wani tsoho da yara ke tsokana, in an buga gwangwani ya ƙame ya sara, ko ya kwanta a ƙasa. Ana ce masa mazan jiya ana dariya. Babu wanda ya rubuta tarihin matarsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, kuma ya fi ba ni haushi, shi ne abin da ya biyo baya a Abeokutan nan. Daga wannan tushe na Lantoro aka gina asibitin Aro. A 1954 wani ɗan garin, Dokta Thomas Adeoye Lambo, ya dawo daga Ingila, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a likitancin ƙwaƙwalwa irin na zamani. Maimakon ya kulle marasa lafiya a bayan katanga, sai ya yi yarjejeniya da ƙauyukan da ke kewaye da asibitin. Mara lafiya zai kama ɗaki a ƙauye, ya zauna cikin mutane, da rana ya zo asibiti a duba shi. Sharaɗin Lambo shi ne dole wani nasa ya zo ya zauna da shi, uwa ko 'yar'uwa ko wani na jiki. Ana jinyar mutum, ana kuma koya wa danginsa yadda za su zauna da shi. Bai kori masu maganin gargajiya ba, ya jawo wasunsu ya yi aiki da su, don ya san wurinsu mutane ke fara zuwa. Duniya ta zo ta kalli wannan tsari, Lambo ya kai har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Wato tun kafin mu sami 'yancin kai wani ɗan ƙasar nan ya gane cewa ba a jinyar ƙwaƙwalwar mutum a bar iyalinsa a duhu. A ƙasarmu aka ƙirƙiro dabarar, a wurin da aka fara buɗewa saboda sojoji. Shekara goma sha shida bayan haka aka gama yaƙin basasa, aka sako su Baba, kuma dabarar ba ta iso gidanmu ba.

Janar Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya kuma shelanta sulhu da sake gini da farfaɗo da rayuwar jama'a. An gyara gadar Onitsha. An kula da masu raunin jiki gwargwadon hali, akwai ma cibiyar Oshodi a Legas da har yau ake koya wa sojoji sana'a kafin su ajiye kaki. Da aka ga sojan ya yi wa ƙasa yawa sai aka shiga ragewa, a nan Baba ya fita da igiyar saje, ya sami aikin gadi a wata masaƙa. An karɓi bindiga, an karɓi kaki. Abin da ke cikin kai kuwa aka bar shi ya tafi da shi gida.

Akwai wani ɓangare da ba ma son taɓawa. Ba abin da aka yi wa soja kaɗai ke hana shi barci ba, har da abin da ya gani an yi, ko abin da hannunsa ya yi. A Oktoban 1967 da sojojin tarayya suka shiga Asaba an kashe ɗaruruwan fararen hula maza, kuma Runduna ta Biyu ce a wurin. Ban taɓa tambayar Baba ko yana garin a ranar ba. Tsoron amsar nake yi. Na dai san ya yi ta istigfari har ƙarshen ransa fiye da duk wanda na sani. Su ma can ɓangaren, waɗanda suka yi yaƙi da waɗanda suka ga yunwa ta kashe 'ya'yansu, haka suka koma gida da nasu, babu mai tambaya.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne muka yi wannan jahilci. A yaƙin duniya na farko Ingila ta harbe sojojinta da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta su 306 bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen daga da ragwanta, alhali an yi imani da yawansu firgicin igwa ne ya taɓa su. Sai a 2006 aka yi musu afuwa, bayan iyalansu sun yi shekaru suna fafutuka. Amurka ma sai da sojojinta suka dawo daga Vietnam, aure ya yi ta mutuwa, shaye-shaye ya yi yawa, sannan a 1980 likitocinsu suka shigar da ciwon cikin kundin cututtuka da sunan da yanzu kowa ke ji, PTSD. A Hausance dai ciwon firgici ne da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Abin da ya wuce ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu kamar yanzu yake faruwa. Ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, kamar yadda Baba ke gudun ƙauri. Jikinsa kullum a ɗaure kamar mai gadi, ƙaramin motsi ya zabura. Ya ji ya yi nisa da matarsa da 'ya'yansa ko da suna tabarma ɗaya. Ba kowane sojan da ya je yaƙi ke kamuwa ba, da yawa suna dawowa su warware da kansu cikin 'yan makonni. Amma wanda abin ya zarce masa wata da watanni yana buƙatar magani, kuma akwai maganin. Akwai na zama da ƙwararre a yi ta warware abin daki-daki, akwai na sha. Bambancinmu da waɗancan ƙasashe shi ne su sun yi kuskuren sun koyi wani abu. Ingila ta riƙa tura sojanta Afghanistan na wata shida ne a juya shi, kuma a hanyar dawowa a sauke su a tsibirin Cyprus su ɗan huce kafin su shiga cikin iyali.

Mu kuwa daga 1990 muka tura yara Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, daga nan Saliyo, suka ga yaƙin da ƙananan yara ke riƙe da bindiga ana datse wa mutane hannu. Suka dawo, shiru. Sai ga Boko Haram daga 2009, yaƙin da yanzu ya ninka na basasa fiye da sau shida a tsawo, ga kuma dajin Zamfara da Katsina da Neja da Birnin Gwari.

Ku tuna 2014. A watan Mayu, a barikin Maimalari da ke Maiduguri, sojoji suka buɗe wa motar kwamandansu wuta bayan an kawo gawarwakin 'yan'uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga yankin Chibok. Kotun soja ta yanke wa goma sha biyu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Ba na kare tawaye, soja ba ya tsayuwa sai da ɗa'a. Amma a watan Agustan wannan shekarar wani abu ya faru wanda ya fi tsaya mini a rai: matan sojoji a Maiduguri suka fito da 'ya'yansu suka tare ƙofar bariki, suka ƙona tayoyi, suka ce ba za a kwashi mazajensu zuwa Gwoza ba sai da isassun makamai. Matar bariki da aka sani da "to" da "Allah ya kiyaye hanya", ita ce ta tsaya gaban mota. A 2018 kuma sojoji suka yi harbe-harbe a filin jirgin saman Maiduguri don an ce za a sake tura su Marte, suna cewa sun yi shekaru a bakin daga ba a canza su ba. Duk waɗannan mun karanta su a matsayin labarin tsaro. Ba mu karanta su a matsayin labarin mutanen da aka ja har igiya ta kusa tsinkewa ba.

Wadda ta fasa ƙwan a bainar jama'a, abin mamaki, matar shugaban ƙasa ce. A watan Oktoban 2022, wajen aza harsashin cibiyar kula da masu wannan ciwo da ƙungiyar matan hafsoshin tsaro da 'yan sanda, DEPOWA, ta ɗauki nauyi a Abuja, Hajiya Aisha Buhari ta ce mijinta, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana fama da shi. Ta lissafa yaƙin basasa na wata talatin ba tare da an duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa ba, da juyin mulkin da aka yi masa, da tsarewar wata arba'in, sannan ita ta shigo gidan ba ta kai shekara ashirin ba ta tarar da abin. Na tuna yadda aka yi ta cece-ku-ce a nan Facebook, masu zagi na yi, masu siyasa na yi. Ni dai da na karanta Inna na tuna. In matar janar ta ɗanɗana, ina ga matar kofur da ke ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar?

Ba zan ce ba a yin komai ba, zai zama rashin adalci. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa. Asibitocin soja suna da likitocin wannan fanni. Najeriya ta shiga wasannin Invictus na sojojin da suka ji rauni a 2023, ita ce ta farko daga Afirka, kuma a watan Mayun 2024 Yarima Harry ya zo har asibitin 44 a Kaduna ya gaida marasa lafiya. Manyan hafsoshi yanzu suna ambaton abin da bakinsu, wanda a zamanin su Baba ba za a taɓa ji ba.

Sai dai ni ma'aikacin gwamnati ne, na kusa shekara ashirin ina ganin yadda fayil ke tafiya, kuma na san halinmu. Muna son gini. Gini yana da kwangila, yana da ranar buɗewa, yana da allo mai sunan wanda ya buɗe. Abin da ba ya ɗaukar hoto shi ne yake wahalar samun kuɗi a kasafi. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai ɗari uku ba, ga mutum sama da miliyan ɗari biyu, kuma kullum wasu na ficewa waje. Ko an gina cibiya mai hawa goma a Abuja, matar las kofur da ke wani bariki a Yobe ko Sakkwato ba za ta gan ta ba. Abin da zai kai gare ta shi ne abin da Lambo ya yi, a je inda mutane suke a yi aiki da waɗanda suka riga suka yarda da su.

Kuma bariki yana da su. Kowane bariki akwai magajiya, shugabar matan sojoji, wadda ta san ɗakin da aka kwana ana faɗa da ɗakin da ba a ɗora tukunya ba. Akwai limamin bariki, akwai fada da fasto. Akwai samanja, wanda ya san yaransa fiye da yadda kwamanda ya san su. Akwai malaman makarantun bariki da ke ganin yaron da ya daina magana tun da aka kawo labarin ubansa. Me zai hana a ba waɗannan horon sati ɗaya ko biyu, su san alamomi, su san lokacin da za su ce wannan ya wuce nasiha, a tafi asibiti? Me zai hana kafin bataliya ta dawo a tara matan a gaya musu abin da za su iya gani da inda za su kai kuka? Amarya ta ce da mijinta zai dawo, abin da aka sanar da su kawai shi ne ranar isowa. Ta yi lalle, ta yi girki, ta ɗauka mutumin da ya tafi shi ne zai shigo.

Sai maganar sirri, wadda a ganina ita ce gaba da komai. Na tambayi ƙanena me ya hana shi ganin likita. Ya ce, "Yaya, kai ma ma'aikaci ne. In aka rubuta a fayil ɗina, shi ke nan. Kos ya wuce ni, ƙarin girma ya wuce ni, yarana su riƙa nuna ni." Ko haka abin yake ko ba haka ba, muddin soja ya yarda haka ne, ba zai je ba. Mu farar hula ma da laifinmu. Mu ne muka mayar da sunan Dawanau da Kware da Barnawa abin zolaya, in mutum ya yi abin haushi mu ce a kai shi can. Wa zai yarda a gan shi a ƙofar wurin da aka mayar abin dariya?

Ga masu cewa addu'a ta isa: ni ma na yarda da addu'a, da ita aka raine ni. Amma Baba ya fi ni ibada nesa ba kusa ba, kuma ya rasu yana firgita. In harsashi ya shiga cinya muna yin addu'a ne a hanyar asibiti. Ban ga dalilin da zai sa wannan ya bambanta ba.

Ban ma taɓo matan da mazajensu ba su dawo ba. Wata maƙwabciyar Amarya, mijinta ya rasu a bakin daga, tana cikin takaba ake tambayarta takardu, dangin miji na jayayya kan wanda aka rubuta a matsayin magaji, ga wa'adin tashi daga gidan bariki yana matsowa. Wannan rubutu ne na daban, in Allah ya kai mu.

Abu guda zan roƙa ga duk matar soja ko uwarsa ko ɗan'uwansa da ke karanta wannan. In ya kai ga duka, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, ko ya koma ƙwaya da kwalba don ya samu barci, kada a tsaya rufin asiri. A fara kare yara da kai, a gaya wa wani babba da yake jin nauyinsa, a nemi likita a ranar. Haƙurin da Inna ta yi ba na fatan wata ta sake yin irinsa.

Ranar Asabar na shiga mota na je wurinsu. Ban ce masa ba shi da lafiya ba. Bayan sallar isha'i muka zauna a waje, na lura ya jawo kujerarsa ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa. Sai na ba shi labarin Baba da babbaka. Shi auta ne, bai san Baba da ƙarfinsa ba, ya tarar da shi tsoho mai shiru. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ni kuma ƙarar babur ce, Yaya. In na ji babura da yawa sun taho tare." Muka kai wajen ƙarfe ɗaya yana magana ina saurare. Wasu abubuwan da ya faɗa ba zan maimaita su ga kowa ba.

Ya yarda zai ga likita, amma a wajen bariki, kuma ba da kaki ba. Na samo wani ta hannun abokin aikina, an ba mu ranar Alhamis. Na ce da sharaɗi ɗaya, Amarya za ta bi mu, a yi bayanin a gabanta. Ya ɗan yi gardama, ya ce me mace za ta je yi a wurin, daga baya ya ce to.

Da na dawo na biya wurin Inna na gaya mata. Ta tsufa yanzu, ba ta ji sosai, sai da na maimaita. Ita ce dama ta hana shi shiga soja tun farko, bai ji ba. Ta yi shiru tana jan carbi, sannan ta ce, "Ashe abin yana da magani?" Na ce yana da shi, Inna. Ta ce in tambayi likitan ko ita ma za ta iya zuwa ranar Alhamis ɗin, tana da tambayoyi.